Ƙarfen da Aka Sa a Hagu

Wata tara mijina Malam ya yi yana kwana a falo bayan labule. Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a bakin motar da yake ja, hannunsa da ƙafarsa na hagu suka daina jin magana, hawa bene ya gagare shi. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, da ya tashi gina mana gidaje biyu iri ɗaya sak, ɗaya na Yaya ɗaya nawa, sai ya kwashe ɗakunan kwana da banɗaki duk ya kai sama. A baho nake yi wa Malam wanka. Mutumin da ko hularsa ba ya yarda a gani a karkace, ga shi ana fita da fo ta gaban masu dubiya. Sai dai ya juya fuska bango.

Tsakanin gidana da na Yaya akwai fili mai faɗin mita shida, rabi nawa rabi nasa. Na ce a nawa rabin zan gina wa Malam ɗaki da banɗaki a ƙasa. Da kaina na auna keken guragunsa da igiyar awo, na kai wa mai zanen gini. Na ce ƙofa ta yi faɗi, a yi gangare maimakon matattakala, a kafa ƙarfen riƙo a bango daga gado har banɗaki, a hannun dama, don shi ne hannun da ya rage masa. Sau uku na maimaita masa maganar hannun dama, har ya ce, "Hajiya, na ji, ba kurma ba ne ni."

Mai zanen ne ya gaya mini dokar. Ba a gini har bakin iyaka, dole kowa ya bar mita uku tsakanin gininsa da iyakar saboda iska da masu kashe gobara. Amma idan akwai mara lafiya a gidan, da takardar likita, ofishin tsara gari yana ɗaga ƙafa, amma ga ɓangare ɗaya kawai, don kada tsakanin ya toshe gaba ɗaya. Na karɓo takardar likita, na haɗa da zane da takardar gida a cikin jakar leda.

Yaya ya shigo da yamma ya same ni ina lissafin ranar da zan samu hutu a gidan burodin da nake aiki.

"Auta, ke da wa kika sani a ofishin nan? Sai su yi ta yawo da hankalinki shekara guda. Kawo nan."

Na miƙa masa ko ɗar ban ji ba. Yaya ne fa. Shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa, shi ya tsaya mini ranar aurena. Tayoyin mota yake sayarwa, kuma babu ofishin da bai san masinjansa ba.

Wata ɗaya, wata biyu, kullum maganar ɗaya ce: ana kan sa hannu. A wata na uku ya ce in kira magini kawai, takarda ta fito, tana kan teburin oga. Aka haƙa tushe, aka fara jera bulo. Malam yana jin ƙarar shebur daga bayan labulensa, bakinsa da ya karkace yana ƙoƙarin murmushi. Rabon da in ga haka tun kafin ciwon.

Gini ya kai ƙugu, ranar wata Talata na dawo daga aiki na tarar da magini zaune a kan buhun siminti ya yi tagumi. An shata wa bangon jan fenti, an rubuta a rushe cikin kwana bakwai. Na buga wa Yaya waya har sau shida, bai ɗauka ba.

Washegari na tafi ofishin da ƙafata. Ashe ba dodo ba ne, benci ne da layi da fanka mai kuka. Matar da ke kan teburin fayil ta duba lambar gidana, ta ce babu wanda ya taɓa nema wa gidan nan izini. Na rantse mata. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tashi, ta dawo da wani fayil.

"Na maƙwabcinki ne ya fito, wata biyu ke nan. Kuma tunda an ba shi mita ukunsa, ke kam babu sauran wuri."

Ta buɗe. Zanena ne. Ga faffaɗar ƙofata, ga gangarena, ga banɗakin. An dai juya shi ne kamar yadda madubi yake juya mutum, don ya manne da bangon Yaya. A bayansa an maƙale takardar likitan Malam, da wata wasiƙa mai sa hannun Yaya, wai mijin ƙanwarsa mara lafiya a wurinsa yake zaune.

Matar ta miƙo mini ruwa. Ta rage murya ta ce, "Baiwar Allah, in ƙarya ya yi, rubuta ƙorafi. Za a soke, amma ki sani abin har kotu yake kaiwa."

Na same shi a shagonsa yana duba wata taya kamar a cikinta amsar take.

"Auta, ki fahimce ni. Mai shagon nan ya ba ni notis, ina zan kai kaya? Ke kuma ai lalura ce ta ɗan lokaci. Malam zai warke, ko kuma..."

"Ko kuma me, Yaya? Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban jira ba. Na rubuta ƙorafin a ranar, shafi biyu. Yana nan cikin jakata har yau, ya yi laushi saboda ninki. Sau uku ina zuwa bakin ofishin ina juyawa. Ciki ɗaya muka fito da mutumin nan, na kasa kai shi gaban alƙali, kuma na tsani kaina saboda na kasa.

Malam kuwa ban gaya masa ba. Ranar da magini ya rushe bangona, na ce gyara ake yi. Bayan sati biyu aka fara ginin Yaya, ƙarar shebur ta dawo. Tagar falonmu titi take kallo, ba ya ganin komai, sai ji. Kullum na shigo sai ya ɗaga hannun dama ya nuna wajen, ya ce da ƙyar, "Aiki?" Ni kuma in ce, "Ana yi." Haka na yi ta yi masa ƙarya sati bakwai, ina taya Yaya rufa asiri a kyauta.

Abin da ban sani ba shi ne, in an gama irin wannan gini, jami'i yana dawowa ya ga mara lafiyar a cikin ɗakin da idonsa kafin ya sa hannun ƙarshe. Yaya kuwa ya sani, kuma ya san ranakun da nake aikin safe.

Ranar na dawo wajen ƙarfe ɗaya, na ɗaga labule, babu Malam babu keke. Na fito a guje ko takalmi babu. Motar ofishin tana barin layinmu. A ƙofar sabon ginin wata akori-kura ce cike da tayoyi, direban ya kashe inji yana jira.

Na hau gangaren. Keken ya shige ƙofar nan daidai, yatsa biyu a kowane gefe, kamar yadda na auna. An shimfiɗa gado da sabon zanen gado. An sa wa Malam farar rigarsa da hula, hular a zaune daram. Yaya yana tsaye a kusurwa, idonsa a ƙasa.

Malam ya gan ni, fuskarsa duk ta haskaka. Hawaye ne a idonsa. Ya kama hannuna ya matse, yana kallon taga, yana kallon ƙofar banɗaki.

"Ya yi... kyau," in ji shi. "Sannu. Sannu da... ƙoƙari."

Sai ya saki hannuna ya miƙa nasa wajen bango, ya shafa, babu komai. Ƙarfen riƙon yana can ɗaya ɓangaren, kusa da hannun da ya mutu. Wanda ya juya zanen bai tuna da wannan ba. Malam ya yi 'yar dariya irin ta mai yafe ƙaramin kuskure.

"Magini... ya sa a hagu. Ki ce... ya gyara. Kafin... mu tare."

A waje direban ya danna ham. Yaya ya yi gyaran murya, har yanzu bai ɗago ba.

"Auta," ya ce a hankali, "ko za ki ɗan mayar da shi ya huta? Masu sauke kaya suna jira."