Faranti Ɗaya da Hajjo

Tun kafin jami'a ta sa ranar bikin yaye ɗalibai Mansura ta fara neman gidan abincin da za ta kai mahaifiyarta a Kano. Ta tambayi ƙawayenta 'yan birni, ta duba hotuna a waya har idonta ya yi ja. Daɗin girki bai dame ta ba. Abu guda take so kafin ta tafi kudu bautar ƙasa: ita da Hajjo su zauna su ci abinci a faranti ɗaya, ko loma uku ce. Tun da aka haife ta hakan bai taɓa faruwa ba.

Ita ce 'yar farin Hajjo. A gidansu na Gammo, can ƙasar Kabo, an daɗe da jingine sandar kiwo an kama fartanya, amma har gobe uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta kai loma baki a gabansa. Ana yaye Mansura aka kai ta wurin kakarta, Inna Altine, wadda ta haifi Hajjo, a Unguwar Tudu ta Gwarzo. A can ta tashi. In ta zo Gammo hutu sai ta ga ƙannenta suna hawa bayan Hajjo, suna sa hannu a kwanonta, ita kuwa sunanta "waccan" ko "'yar Inna". Ta sha tambayar malamai ina aka samo wannan. Babu wanda ya taɓa jawo mata aya ko hadisi. Kowa sai ya yi murmushi ya ce ai kunya ado ce, haka muka taras. Da wannan "haka muka taras" muke lulluɓe duk abin da muke ƙyuyar gyarawa, kuma bargon ya yi datti amma ba mai niyyar wanke shi.

Bara Inna Altine ta rasu. Tun daga nan Mansura ta rasa wanda zai ce mata zo ki ci.

Lissafinta shi ne idon mutane ke hana Hajjo. A Gammo ko tari uwa ta yi kusa da 'yar farinta sai an kai labari rijiya. A Kano kuwa wa ya san ta? In dai aka dace da wuri, shi ke nan.

Ranar bikin mahaifinta bai zo ba, domin ruwan shuka ya sauka, ya ce gona ba ta jiran digiri. Ƙaninsa Bappa Hadi shi ya ɗauko Hajjo bayan sallar asuba a tsohuwar motarsa da yake kai hatsi kasuwa. Aka yi ta jawabai a ƙarƙashin rumfa har rana ta take tsaka. Mai girma wane ya gode wa mai girma wane. Mansura na cikin rigar digiri mai kauri, gumi na bin bayanta, tana hango Hajjo a can cikin iyaye ta ja mayafi har goshi. Da aka zo ɗaukar hoto Hajjo ta tsaya bayan Bappa, rabin fuskarta kawai ya fito.

Gidan abinci na farko a titin Gidan Zoo yake, gabansa duk gilashi, ana hango masu ci daga kan titi. Wata ƙawar Mansura ce ta yabe shi. Sai da suka sha cunkoson adaidaita sahu kafin su isa, motar Bappa na tururi. Hajjo ta leƙa ta taga, ta ga wani mutum yana fama da cinyar kaza a idon duk mai wucewa, ta mayar da kanta ciki.

"Hadi, ka tambaye ta, a tasha Inna ta raine ta?"

"Ke ma dai matar Yaya, ga ta nan a gabanki kamar buhun gero, sai an ɗauki ɗan aike?" in ji Bappa. "Ni fa ba a biya ni kuɗin tafinta ba."

Hajjo ta ce masa ya ja tsohuwar akwalarsa su tafi kafin ta kama da wuta. Wasan ƙanin miji ne tsakaninsu, da shi tana sakin baki har da dariya. Mansura na kujerar gaba tana jin dariyar tana fitowa daga bayanta, ba ta juya ba, don ta san in ta juya dariyar za ta ɗauke.

Na biyu a Nasarawa yake, a saman bene. Hajjo ta hau matakalar tana dafa gwiwa. Ciki akwai sanyi, ba a ganin titi, Mansura ta fara samun natsuwa. Sai wata ma'aikaciya ta yi musu bayani cewa a nan kowa zai ɗauki faranti ya bi layi ya zuba abin da yake so. Hajjo ta dubi layin, ta faɗa wa Bappa cewa rabonta da irin wannan tun layin awon ciki, kuma ita da furfurarta ba za ta tsaya riƙe da faranti a bayan wani ƙato ba. Mansura ta ce ita za ta zubo mata. Maganar ta faɗi ƙasa ba wanda ya ɗauka.

Suna nan tsaye wani mutum mai babbar riga ya taso daga teburinsa yana goge hannu. Dillalin taki ne daga Garo, ya san mahaifin Mansura. Aka shiga gaisuwa, ina gajiya, ya mutan gida, ya ruwa, an samu shuka, ya shanu, ya mai gidan. Da ya ga rigar digiri a hannun Mansura sai ya washe baki ya taya Hajjo murna, ya ce Allah ya yi wa 'yarta albarka.

"'Yar Inna ce," in ji Hajjo, idonta a ƙasa. "Allah ya jiƙan mai ita."

Mutumin ya gyaɗa kai cike da yabawa, ya ce madalla, irin wannan kunya yanzu sai an tona. Ya koma kan namansa. Mansura ta bi shi da kallo. Mutum ne da ya yi boko, 'ya'yansa na makarantun kuɗi, amma ya ga uwa ta ture 'yarta a ranar farin cikinta ya ce madalla. Ashe Kano ma ba ta da girman da za ta ɓoye mutumin Kabo.

Suka sauko. Bappa ya ce shi fa cikinsa ya fara kiran sallah, a sayi gurasa da tsire a Kabuga a kama hanya kafin hadari ya haɗo. Mansura ta roƙe shi wuri ɗaya tak ya rage, in bai yi ba ta haƙura. Ya dube ta, ya ga yadda kwalliyarta ta narke, ya tayar da mota.

Sai bayan la'asar suka gano wurin, a wani lungu, bayan sun wuce shi sun dawo. Nan babu tebur. Ƙananan ɗakuna ne a jere, kowanne da labule da darduma da matasan kai. Hajjo ta shiga ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce wa Bappa yanzu ta ga wurin mutane. Aka kawo babban faranti na shinkafa da kafaɗar rago a kai, ƙamshi ya cika ɗakin. Wurin da Mansura take nema ke nan.

Bappa ya sa aka ɗebar masa nasa, ya ce shi ba zai ci da mata ba, kada su cinye masa nama su bar shi da ƙashi. Ya ɗaga labule ya fita wajen maza. Hajjo ta buɗe baki za ta tsayar da shi, amma ya riga ya tafi. Da gangan ya yi.

Hajjo ta janye ƙafafunta, ta karkata jikinta wajen bango.

Mansura ta wanke hannu, ta matsa da farantin kusa da ita, ta ce bismillah. Hajjo ba ta motsa ba. Mansura ta jira. Ta ce babu mai ganinsu, labule a sake yake. Ta ce mako mai zuwa za ta tafi garin da ko sunansa Hajjo ba ta iya faɗa, sai bayan shekara. Ta ce ta tambayi malamai, babu zunubi, babu ko karahiya. Tana jin muryarta tana hawa, ta kasa riƙe ta.

"Hajjo, ni ce fa. Ba baƙuwa ba ce. Loma ɗaya ki yi ina gani, sai in ƙyale ki har abada."

Da Hajjo ta amsa, bangon ta yi wa magana.

"Ita Innar da ake tunƙaho da ita, wadda take tauna nama ta ba wasu a baki, ni ce 'yar farinta. Har aka sa ta a makara ban ji sunana a bakinta ba. Ga ni nan, ban mutu ba."

Mansura ba ta taɓa haɗa wannan a ranta ba. Tsohuwar da ta goya ta, mai yi mata waƙa tana dama fura, ita ce ta yi wa Hajjo abin da Hajjo take yi mata. Sai abin ya ƙara ba ta haushi maimakon ya sanyaya ta. Ta ce to ai shi ya sa, wadda ta san zafin abu ita ya kamata ta fara ajiye shi. An cuce ki, kin ɗauki cutar kin adana kamar kayan gado, kina jira ki miƙa wa na baya.

Hajjo ta ƙara jan mayafinta.

A nan ne Mansura ta lura da hannun Hajjo. Yatsun da ke riƙe da bakin mayafi suna rawa. Gumi ya tsattsafo a goshinta duk da fankar da ke juyawa, leɓenta ya bushe. Ilimin magunguna Mansura ta karanta, ita ke aika wa Hajjo maganin suga ta hannun Bappa, ta san da asuba take shan sa. Ta tuna rumfar biki, inda aka raba ruwa da cincin Hajjo ta ƙi karɓa don Mansura na hango ta. Tun asuba matar nan ba ta sa komai a cikinta ba. An yi ta yawo da ita a rana daga wannan gidan abinci zuwa wancan, kuma ba za ta ci ba muddin 'yarta na zaune, ko da za ta kife a kan dardumar.

Mansura ta ce za ta juya baya. Ta ce za ta rufe ido. Hajjo ta ƙara matsawa jikin bango.

Sai ta tashi. Ta buɗe kwalbar lemo ta ajiye a inda hannun Hajjo zai kai, ta ɗauki rigar digirinta, ta fita ta saki labulen.

A barandar ta tsaya, ta jingina da ginshiƙi. Ƙafafunta sun kumbura a cikin sabon takalmi. Daga ɗakin da ke kusa ana jin wata yarinya tana gardama da uwarta a kan wa zai ci fatar kaza. Bappa ya fito yana sakace, ya gan ta, ya tsaya gefenta. Can sai labulen ya motsa, Hajjo ta fito da ƙarfinta, ta wuce su kamar ba ta gan su ba, ta ce wa Bappa tana mota.

Mansura ta koma ɗakin, Bappa na biye da ita. Kwalbar lemo ta ƙare. A gefen farantin da ke wajen bango an ci shinkafa sosai. A ɗaya gefen, inda Mansura ta zauna ɗazu, an zare naman kafaɗar duka daga ƙashi, an tsittsinka shi ƙanana, an baza a kan shinkafar don ya huce, yadda ake yi wa yaron da bai gama haƙori ba. Ƙashin kawai aka bari a gefen Hajjo, an gwaigwaye shi tas.

"To kin gani," in ji Bappa a hankali. "Ita fa iyakar bakinta ke nan. Tana son ki, 'yata."

"Na san tana so na, Bappa. Ba shi na roƙa ba."

Ya sosa ƙeya, ya ce bari ya je ya zuba wa mota ruwa.

Ta zauna ita kaɗai ta ci. Naman ya yi sanyi, kitsen ya fara daskarewa. Ta cinye shi duka, don yunwa take ji, kuma ba ta ga dalilin barin sa ba.

Sun wuce Kabuga sun hau titin Gwarzo hadari ya haɗo daga gabas. Bappa na ta faɗa da masu tirela. Gonaki a gefen hanya duk an yi shuka, ƙasa ta yi duhu da laima. Sai muryar Hajjo ta fito daga baya.

"Hadi, ka tambaye ta ko ta ƙoshi."

Bappa ya buɗe baki zai isar da saƙo. Mansura ta riga shi. Ta juyo gaba ɗaya a kujerarta, ta dubi mahaifiyarta a ido.

"Na ƙoshi, Hajjo."

Hajjo ta mayar da fuskarta wajen taga, ta ce wa Bappa ya ɗaga gilashi, ruwa zai shigo.