Lasifikar da Ta Kai Fadama

"Kashe wannan abin, Almustapha! Kayan masallaci ne fa a gabanka."

Malam Tayyib ne ya faɗi haka, ladanin wani ƙauye da ke bayan Ruma. Ya shigo Batsari ranar Litinin a kan babur, da amfilifayar lasifikar masallacinsu ɗaure a bayansa cikin buhun taki. Ina jin su daga shagona, domin bango ɗaya ne ya raba keken ɗinkina da teburin Almustapha mai gyaran rediyo.

Almustapha ya rage sautin amma bai kashe ba.

"Malam, da me kake so in gwada? Da karatun Alƙur'ani? In lasifika ta yi kakari a tsakiyar aya, ni da kai wa zai ɗauki alhakin?"

"Ka ce ɗaya, biyu, uku kamar kowa."

"Ɗaya biyu uku ba ta tona asirin lasifika. Wannan kuwa ba ya rufa wa kowa asiri."

Kiɗan ba irin namu ba ne. Ganga ce ta inji, mai bugu ɗaya ba gajiya, sai jita ta faɗo a kanta kamar ana yanka kwano. Waƙar cikinsa kalma biyu ce ko uku, da Turanci. Wani Bature ne ya bar masa faifan a garejin da ya yi aiki a Libiya, shekara ashirin da suka wuce. Da faifan ya ƙoje, sai ya juye shi a memori. Duk lasifikar da ta fito daga hannunsa, daga nan har Safana, da wannan kiɗan ya gwada ta.

Malam Tayyib ya zauna kan benci ya yi bayani. Ba kiran salla kaɗai suke yi da ita ba. Idan an hango baburan 'yan bindiga daga wajen daji, da ita ake sanar da waɗanda ke gona. Kwana tara ke nan da ta ƙone, gero ya nuna, kuma ba wanda ya yarda ya je fadama.

"Ranar kasuwa motoci za su koma a jere saboda hanya ba tsaro," in ji shi. "In na rasa wannan, sai wani mako."

"Alhamis ka zo."

Almustapha ba shi da lafiya tun damina. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsa Asta tana aure a Safana, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba. A bayan shagon yake kwana. Ni nake kai masa koko da safe.

Ranar Laraba da hantsi ya buga bango sau biyu. Na same shi riƙe da ƙarfen dalma, ya kasa saita wayar.

"Tela, kai da kake zura zare a allura, zo ka riƙe min wannan wayar."

"Ka bari mu je asibiti tukuna."

"In na kwanta a can, wa zai yi wannan? Kai? Riƙe nan, kar ka motsa."

Waya shida muka haɗa, muka kai la'asar. Yakan tsaya ya jingina da bango har numfashinsa ya dawo. Da muka gama, ya sa memori ya kunna. Bai saurara da kunne ba. Tafin hannunsa ya ɗora a bakin lasifikar, ya rufe ido, ya bari gangar ta yi ta bugunsa. Ya juya wani maɓalli kaɗan, ya sake ɗorawa.

"Ka san ma'anar abin da suke faɗa?" na tambaye shi.

"Ban taɓa tambaya ba. A Libiya ba ni da abokin hira, shi nake kunnawa in an tashi aiki. Yanzu ta yi."

Malam Tayyib ya ɗauki kayansa Alhamis da safe. Almustapha ya rasu kafin azahar, a kan tabarmarsa, da kofin koko cike a gefensa. Ranar kasuwa ce, mutane sun yi yawa a gari, amma mu goma sha ɗaya muka raka shi. Asta ba ta samu mota ba sai washegari.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayata ta yi ƙara. Malam Tayyib ne, yana dariya.

"Tela, ina maƙwabcinka? Wayarsa a kashe. Ka ce masa ya ja min abin kunya. Ya manta memorinsa a ciki. Ina haɗa batir, sai gangar nan ta cika gari, na rasa inda ake kashewa. Liman ya fito ba hula. Wasu biyu da suka yi ƙarfin hali suka je fadama sun dawo a guje, sun ɗauka gargaɗi ne. Har fadama, ka ji! A da ba ta taɓa kaiwa can ba. Gobe kowa zai fita yankan gero. Ba shi wayar in yi masa godiya, in kuma yi masa faɗa."

Na gaya masa.

Ina jin kukan akuya a inda yake.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa." Sannan ya ce, "To, wannan abin nasa wa zan ba?"

Na tambayi Asta, ta ce ba ta san da shi ba, in riƙe.

Kasuwar da ta biyo, direban a-kori-kura ya kawo min shi naɗe cikin takarda, an ɗaure da zare. Ba ni da abin kunna shi. Na sa shi a gwangwanin da nake tara maɓallan riga, na rufe, na ci gaba da ɗinki.