Sojan da Ke Yin Sallama

Ranar da Hansai ta faɗi a bakin murhu, ƙafafunta suka daina aiki. Likita ya yi dogon bayani da Faransanci, ni kuma na gajarta mata: ba za ta ƙara tafiya ba. Ta ce, "To." Daga nan ta juya fuska ga bango, ta rage ci, ta rage magana. Matar da kan taka daga unguwar Bololo har Mursal don kawai ta yi wa mai jego barka.

Na gwada karanta mata littafi. Na daɗe ina koyar da tarihi a lise, wato sakandare, ɗalibai na gyangyaɗi, ita ma ba ta ba su kunya ba.

A 2006 ne 'yarmu Fauziyya ta kawo tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, daga siber ɗin mijinta, shagon intanet da ya rufe.

"Baba, akwai wasa a ciki, ko zai ɗauke wa Inna hankali."

Wasan harbi ne. Kana gani da idon wani soja, yana ratsa rusasshen gari, maƙiya na ɓoye ta ko'ina. Na ce wadda ta ga yaƙin basasar 1980 da idonta ba ta buƙatar na ƙarya. Duk da haka na zauna na gwada, aka kashe ni tun ban gama gyara tabarau ba.

"Wa ke tuƙa bawan Allahn nan?" in ji Hansai daga kan gado. "Tsakiyar titi yake bi kamar jakin mai ruwa."

Rabon da in ji magana mai tsawon haka a bakinta har na manta.

Mutum ɗaya aka yi wa wasan, da hannu biyu. Ni yatsuna sun sandare, ita hannun damarta ba ƙarfi. Sai muka raba sojan. Ta ɗauki maɓallan tafiya da hagu, na riƙe suri, ɗan abin nan da ake juya ido da bindiga da shi. Ita ce ƙafa, ni ne ido.

Ta iya laɓewa. Jikin bango take bi, ta durƙusa bayan ƙonanniyar mota, ta jira mai harbi ya tsaya cika bindiga, sannan ta ruga zuwa wani bangon. Ni kuwa ko ganye ya motsa sai na buɗe masa wuta.

"Malam, ka aika musu goron gayyata mana, ya fi sauƙi."

"Masana yaƙi sun ce wanda ya fara harbi..."

"Masanan suna ina yanzu?"

Ita ma da nata aibin. Akwai wani gida mai bene da dole a shiga da gudu, don akwai mai babbar bindiga yana gadin ƙofar. Hansai takan kai mu bakin ƙofa lafiya lau, sai ta tsaya cak, ta ce, "Salamu alaikum," ta saurara. Nan ake harbe mu. Kullum.

"Hajiya, gidan maƙiya ne."

"Gida dai gida ne. Maƙiyin ba shi da iyali? In matarsa ba ta ɗaura kallabi ba fa?"

"Hoto ne. Ba kowa a ciki."

"To wa ke kashe ka?"

Muka kwashe makonni muna mutuwa a ƙofar nan, in dai an kawo kuran, wato wutar lantarki. Na lura a cikin gardamar take cinye tuwonta ba ta sani ba. Amma na lura kuma ta fara gajiya. Wata rana da hantsi ta janye hannunta, ta ce kalas, ta gama, ita ba za ta faɗa wa mutane gida ba amsa ba, ba kuma za ta yi ta kai yaron mutane ana kashewa ba. Ta soma juyawa wajen bango.

"Ƙara ɗaya," na ce. "Yi sallamar daga bayan katanga, a durƙushe."

Ta harare ni, amma ta kai mu. Ta yi sallama. Na shaƙe murya, na amsa daga gefen baki: "Wa alaikumus salam. Bisimilla, ku shigo."

Ta ruga. Ta ƙofa, ta bayan buhunan yashi, ta matakala, ni ina ta harbi, Allah ya sa ɗaya ya dace. Muka fito saman bene, ga garin nan duka a ƙasa. Ta yi dariya har da tari.

"Mai gidan nan muryarsa kamar ta wani malamin lise."

"Mutumin kirki ne ke nan."

"Da dai sauƙi."

Daga ranar, duk ƙofar da muka isa ni ne mai gida. Na zama tsoho, na zama mace, har Larabci na amsa da shi. Ta shiga gidaje da yawa a damanar nan.

Bayan ruwa ya ɗauke, ta rasu, da safe, ina dama mata kunu. Masu ta'aziyya suka ce ta huta, kamar ta gaya musu ta gaji. Fauziyya ta so ɗauke ordinatar, na hana. Wani lokaci nakan kunna. Sojan na tsaye bayan katanga, yana duba hagu da dama, ba ya zuwa ko'ina.

Duk zamanmu, in za mu unguwa ina gaba tana biye, yadda muka tarar iyayenmu na yi. Sai a watannin nan ta ja ni. Na yi niyyar gaya mata ina ta neman kalmomin da suka dace, halin mai karatu. Ga su kuwa 'yan kaɗan: Hansai, duk inda kika kai ni, na ji daɗin zuwa.