Injin Labaran a Hanyar Maƙabarta

A Jos Jarawa, in aka ambaci Labaran Direba kowa da abin da zai ce. Masu shayi sun ce da motarsa ta ɗaukar kuza ta mutu, ya sayar da komai nata amma ya hana injin, ya shigar da shi zaure ya ajiye kamar baƙo. Tsofaffin abokan aikinsa sun ce ko hanya ya ɓata, cewa yake yi garin ne ya matsa. Matarsa Maimunatu kuwa, 'yar siririya marar son hayaniya, ta ce ita dai ta gaji da goge baƙin mai.

A daminar 1978 Anene, makaniken unguwar Kwararafa, ya samo wata tsohuwar lori mai lafiyar jiki amma ba inji. Ya ce in aka haɗa su, Labaran zai koma kan hanya. Saura kai injin gareji.

"Oga, ban da amalanke," in ji Anene. "Duwatsun hanyar nan za su fasa masa ciki. A kafaɗa za a ɗauka. Kuma kar ya karkace, ko kaɗan."

Anene ya haɗa dogayen katakai biyu, ya gitta gajeru, ya shimfiɗa tsofaffin tayoyi don kada ƙasan injin ya taɓa itace, ya ɗaure shi tam da igiya. Labaran ya ɗauko Shu'aibu mahauci da mutanensa daga mayanka ta Abattoir, waɗanda suka saba da nauyin bijimi. Da hadari ya taso, sai aka lulluɓe injin da farin zanen gado, aka naɗe da tabarma. Suka fito suna sauri saboda ruwa, ba mai magana saboda nauyi.

A gindin hawa, Malam Ishaku tela ya hango su. Ya ajiye almakashi, ya yi salati, ya rufe shago, ya zo ya karɓi gefe ɗaya daga hannun wani mahauci. Haka ake yi in an ga gawa, kowa ya sa kafaɗa ya samu lada. Shu'aibu ya buɗe baki, Labaran ya taka masa ƙafa. Hawan da tsawo, mahautan sun fara haki. Labaran ya ce a ransa in an kai sama zai yi bayani.

Kafin a kai sama, mai kayan miya ya shigo, mai gyaran keke ya shigo, wasu ma'aikata suka sauko daga tasi. Mahautan aka ture su can baya, hannu ba komai. A mararraba, maimakon a yi Kwararafa, jama'a suka miƙe hanyar maƙabarta.

"Ba can ba!" in ji Anene, yana gudu a gefe. "Ku riƙe shi daidai! Mai yana zuba!"

"Bar shi," in ji wani. "Ka ga amana. Ba addininsu ɗaya ba, amma dubi yadda ya ruɗe."

Labaran na tafe a tsakiya, ana ta kama hannunsa ana cewa Allah ya ba da haƙuri, shi kuma yana cewa amin, don bai san me zai ce ba. Ya ji na bayansa suna raɗa.

"Wa ya rasu?"

"Daga gidan Labaran aka fito. Ga shi nan da ransa, ka ga ke nan Maimunatu ce."

"Allahu akbar. Ashe haka baiwar Allah take da nauyi?"

"Ayyukan alheri ne."

Masu saurin ƙafa sun riga sun yi gaba da fatanya. Da aka iso, an fara haƙa. Wani dattijo ya dubi abin da ke kan katakai, ya ce a ƙara faɗi. Labaran ya ga jar ƙasa jiƙaƙƙiya tana taruwa, ya tuna yadda yake hana ko ƙura ta shiga injin nan. Ya yi gyaran murya, ya matso bakin ramin.

Sai ga Maimunatu a bakin shinge da lema, mata uku na biye da ita suna kuka. Sun je yi mata makoki ne, suka tarar da ita tana tankaɗe.

Da ganinta, masu riƙe da gaba suka zaci fatalwa ce, suka saki suka watse. Injin ya sunkuya wajen ramin, Anene da Shu'aibu suka tare shi da ƙirji. Tabarma ta zame, ga ƙarfe baƙi ƙirin yana ɗigar mai a kan farin zane.

Malam Ishaku ya juyo wajen mai injin. "Labaran, shagona na rufe. Amin nawa ka amsa mini?"

"Ai ban ce muku gawa ce ba."

"Malam, ku binne," in ji Maimunatu daga bakin shinge, ba ta ko ɗaga murya ba. "An ce ni ce. Ga rami, ga jama'a, ga zanen gadona. Kada wahalarku ta tafi a banza."

"Gaskiyarta," in ji dattijon nan. Matasa suka matso suna naɗe hannun riga.

"Oga, yi magana!" in ji Anene, ƙafarsa na sulɓewa a laka. "Hannuna ya mutu!"

Labaran ya dubi ramin, ya dubi injin. Ya cire hula, ruwa na dukan sanƙonsa, ya yi wani gunaguni.

"Ba mu ji ba," in ji Malam Ishaku.

"Na ce laifina ne. Na ga kun ɗauka, na ji daɗi, na yi shiru. Jama'a, ku yafe mini." Ya juya wajen shinge. "Maimunatu, don Allah ki yi haƙuri."