Shafin da Mai Ludayi Ta Ƙi Rufewa

"Ba ni wayata."

Ta bango na jiyo muryar, ina tsaka da haɗa hannun riga. Bangon da ya raba ɗakin ɗinkina da falon maƙwabciyata ba shi da kauri, shekara goma sha ɗaya in ta yi atishawa ni ke fara yi mata sannu. Amma ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Na sauke ƙafa daga kan keke, na zagaya.

Tana kishingiɗe a doguwar kujera, an tokare ta da filo uku, ƙafafunta da suka kumbura suna kan ƙaramin teburi. Babban ɗanta, wanda duk layinmu ke kira Injiniya, yana tsaye da kwamfutarta a hammata, wayarta a aljihun gaban rigarsa.

"Umma, likita cewa ya yi ki huta. Hutu ya ce, ba amsa tambayar mutum ɗari a wuni ba."

"Likitan ne ya haife ka ko ni?"

"Umma, don Allah."

"To don Allah ba ni wayata."

Ya juyo gare ni. "Anti, ki sa baki. Jiya a kicin na same ta a ƙasa, ta riƙe ƙafar teburi, tukunya na tafasa a kan wuta. Wai wani ya yi tambaya, sai ta gwada kafin ta amsa."

Shekara ashirin da shida ta yi tana girki a kicin ɗin asibiti. Da ta yi ritaya sai ta buɗe shafi a intanet, tana koya wa mutane yadda za su yi wa marasa lafiyarsu abinci a gida: wanda aka hana gishiri, wanda aka hana sukari, wanda haɗiya ke ba wuya. Ba ta taɓa sa hotonta ba, sai hoton hannunta riƙe da ludayi, shi ya sa masu karantawa suka laƙaba mata Mai Ludayi, sunan ya bi ta har layinmu. Yanzu ga shi ciwon ya zo kanta, irin wanda likitoci ke sassauta murya in za su faɗi sunansa.

Injiniya ya ajiye mata wata ƙaramar waya mai madannai, wadda ba ta iya komai sai kira. Ya ce ya riga ya sa sanarwa a shafin, ya kuma canza lambar sirri. Ya durƙusa ya gyara mata filo, ta kawar da kai. Ya fita.

Ƙarar motarsa ba ta gama barin layin ba ta ce, "Tela, wayarki tana shiga intanet?"

"Tana shiga, Yaya, amma..."

"Amman nan ki ajiye shi bakin ƙofa tare da takalminki. Buɗe mini."

Sanarwar layi biyu ce: an dakatar da shafin saboda rashin lafiyar mai shi, an gode. Abin da Injiniya ya manta shi ne rufe wurin da masu karatu ke rubuta sharhi. A ƙarƙashin layi biyun nan mutane sun riga sun yi dandazo. Na fara karanta mata addu'o'i, ta ɗaga hannu.

"Na amsa duka, amin. Nemo mini direban tanka."

Na same shi can ƙasa. Matarsa ce ke ciwon ƙoda, an hana ta gishiri, kwana uku ke nan tana ture kwano. Mai Ludayi ta yi masa alkawarin miyar kifi da ba gishiri amma za ta ciwu. Ya rubuta cewa kada ta damu da shi, ta ji da jikinta.

"Ji mutum," in ji ta. "Wai kada in damu. Rubuta."

Ta faɗa, ina bugawa a wurin sharhi kamar kowa: albasa nawa, a soya ta a hankali har ta yi zaƙi, tafarnuwa, citta, ɓawon lemun tsami a kankare a zuba daga ƙarshe. Da muka kai ƙarshe sai ta tsaya tana kallon hannunta. Maganin da ake ba ta ya kashe mata harshe, komai ta sa a baki ƙarfe take ji. Kuma tunda ta buɗe shafin ba ta taɓa sakin girkin da ba ta ɗanɗana ba.

"Ko in dafa miki?" na ce.

"Ke? Ke da kike dafa shinkafa ta fito kamar siminti?" Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Rubuta haka: Ni ce Mai Ludayi, ta wayar maƙwabciyata. Wannan ban ɗanɗana shi ba. Mai tukunya da harshe ya gwada ya gaya mini gaskiya. Mai yabo don tausayi ya riƙe abinsa."

Kafin la'asar mutum goma sha huɗu sun dafa. Wata malamar makaranta ta ce lemun ya yi yawa, yana ɗaci a maƙogwaro. Wani tsohon soja ya ce shi ya ji daidai, malamar ce dai ba ta iya kankara ba, ta haɗa da farin ɓawon. Suka kama musu.

"Sojan ya fi ta gaskiya," in ji Mai Ludayi, idonta a rufe. "Amma a rage lemun zuwa rabi, kada ta ji kunya."

Haka muka yi kwana uku. Da safe in buɗe shago, da hantsi in rufe in zagayo. Ta faɗi girki, su dafa, su kawo rahoto, ta gyara. Tambayoyin da ta riga ta amsa a baya kuwa ba sa ma isowa gare ta, tsofaffin masu karatu ke tare su: je ka girki na kaza, ta yi bayani a can. Ba wanda ya sa su.

A rana ta huɗu Injiniya ya gano. A shagona ya same ni, ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba.

"Anti, ke na bar wa amanarta."

"Ita ma amana ta ba ni, ɗana. Kuma ta riga ka."

"In ta faɗi fa?"

"Ba ta tashi daga kujera ba. Baki kawai take motsawa. Shi ma za ka karɓe?"

Ya juya ya tafi. Da rana sai ga sabuwar sanarwa: in ba a daina damun mahaifiyarsa ba, ranar Juma'a zai goge shafin gaba ɗaya. Na karanta mata. Na zaci za ta ce in roƙe shi.

"Ya goge," ta ce. "Kada ki roƙi kowa. Abu ɗaya za ki rubuta: wanda ya zagi ɗana ba ya tare da ni."

Ba wanda ya zage shi. Malamar makarantar nan ce ta bi shafin daga farko ta ƙirga girki ɗari huɗu da goma sha biyu, ta sa wa kowanne lamba, ta ce kowa ya ɗauki goma ya kwafa ya adana. Cikin wuni biyu an rabe su kaf, har ana faɗa a kan na ƙarshe. Tsohon soja ya ɗauki ashirin, ya ce shi ba ya aikin rabi. Wata ma'aikaciyar jinya ta bi duk na masu ciwon sukari ta haɗa su wuri guda. Wani kuma ya fara karanta su da murya yana naɗa, saboda kakarsa ba ta gani.

Ranar Juma'a da hantsi Injiniya ya zo da kwamfutar. Bai kai ga buɗe ta ba aka yi sallama. Wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, rigarsa na warin man mota, rungume da kula. Direban tanka ne. Dama ya roƙi kwatancen gidan ta wajena, ita kuma ta ce in ba shi.

Ya tsuguna gabanta ya buɗe kular. Ta leƙa, ta karɓi cokali ta juya sau ɗaya.

"Ka cika wuta. Kifin ya farfashe."

"Haka ne, Mama."

"Albasar ma ka yi mata gaggawa."

"Na yi, Mama. Amma ta ci." Ya goge fuska da hannun riga. "Ta ci, har ta ce ko da saura. Wannan nata ne na yau, na ce sai kin gani kafin in kai mata."

"To me kake jira? Tashi kafin ya huce."

Ya ɗauki kularsa ya fita. Injiniya na zaune a hannun kujera, kwamfutar a cinyarsa a rufe.

"Kai kana ganin wannan ne ke kashe ni," ta ce masa. "Abin da ke kashe ni likita ya gaya maka sunansa, a gabana."

"So nake ki daɗe, Umma."

"Na sani. In daɗe ina ƙirga layin silin?"

Ya gyara zama. Sannan ya buɗe kwamfutar. "Awa ɗaya a wuni. Kuma ni zan riƙa bugawa."

"Biyu."

"Umma."

"Biyu na ce. Kai a hankali kake bugawa, kamar mai tsinar tsakuwa a wake."

Kwana goma sha tara ta yi bayan nan. Kullum da safe ya zo kafin ya tafi aiki, ya zauna a gefenta, ta faɗa yana bugawa, tana yi masa gyara. Ya rubuta cokali, ta ce wane cokalin, na shayi ko na ci? Ya rubuta a dafa har ya nuna, ta ce mai karatu ba ya cikin kanka, faɗi minti. Muryar tana raguwa, faɗan bai ragu ba. Ranar da ta kasa zama aka mayar da aikin ɗakin kwana. Ƙanwarta da ta zo jinya ta ce a haƙura haka, ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Wanda ya gaji ya fita."

Safiyar ƙarshe ina wurin. Romon kaza take faɗa, na wanda ya tashi daga tiyata. Ta kai wurin da za a tace, ta ce, "Bari in ɗan numfasa." Injiniya ya ɗora yatsu a kan madannai yana jira. Ya jira. Ƙanwarta ce ta fara salati.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya saki girkin yadda ta bar shi, bai ƙara ko harafi ba, ya rubuta a ƙasa cewa a nan ta tsaya. Tsohon soja ne ya fara amsawa: kada kowa ya ƙarasa mata, ba ta ba da izini ba.

Washegari suka fara zuwa, mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ba su san juna a fuska ba, sai wannan ya ce ni ne soja, waccan ta ce ni ce malamar, su tsaya suna kallon juna suna dariya da hawaye. Kowa da tukunyarsa. Injiniya ya tsaya a ƙofa yana karɓa da hannu biyu, yana tambayar kowa me ya dafa, su faɗa masa, ya gyaɗa kai kamar ya san girkin. Wasu kuwa ya san su ɗin, shi ya buga su.

Da rana ta yi sanyi mutane suka watse. Ni da ƙanwarta muka wanke tukwanen a bakin famfo, ba mu san ta wane ce ta wane ba. Muka kife su a jere a kan dakalin tsakar gida, manya da ƙanana, wata sabuwa fil, wata hannunta ɗaya an ɗaure shi da waya. Ruwa na ɗiga daga bakinsu, yana bin siminti a hankali zuwa magudana.