An Wakilci Haulatu

Wata huɗu cur Haulatu ba ta taka garinsu Babban Mutum ba, don kada ta kwasar wa tsofaffinta korona. Su shida ne ma'aikata a ƙaramin asibitin nan na bayan garin Daura, amma da an kawo mai tari da zazzaɓi sai kowa ya tuno da uzuri. Wannan ya ce hawan jini gare shi, waccan ta ce goyo take. Haulatu da ba ta iya cewa a'a ba, ita ce kullum cikin rigar leda, ta fito sharkaf da gumi kamar an tsamo ta daga rijiya. Har ta kai abinci ma a tsaye take tura shi. Shugabansu Malam Nu'uman kuwa bakinsa ba ya gajiya da cewa su duka 'yan gida ɗaya ne.

Ranar wata Talata da hantsi aka bugo waya, mahaifinta ya rasu. Kafin ta sami mai karɓarta an riga an kai shi makwancinsa. Washegari ta shiga ofis ido a kumbure, ta roƙi kwana biyu kacal, ta je ta zauna kusa da mahaifiyarta a karɓi gaisuwa.

Malam Nu'uman ya yi doguwar addu'a, sannan ya kawo maganar da ko yaro zai ji kunyar faɗi. Wai al'adarsu ce in an yi wa ɗayansu rasuwa a cika mota a je ta'aziyya, kuma ba za a fasa a kanta ba. Sai dai ɗakin masu tari ba mai iya masa sai ita, don haka ta riƙe wurin, su za su je.

"Yallaɓai, ubana ne fa ya mutu."

"Shi ya sa za mu je, Sista. Za mu wakilce ki."

Wannan rashin ta-ido da me ya yi kama? Zuciyarta ta tafasa, har ta yafa mayafi za ta tari ɗan acaɓa, sai tsohon da ke gadon ƙarshe ya shiga sarƙewa. Ta ajiye mayafin ta koma cikin leda, tana kuka tana ɗaga masa kai, motar na fita a kan idonta.

Bayan la'asar suka dawo, wallahi har da yabon furar garin. Raihana ce kaɗai, abokiyar aikinta, ta kasa haɗa ido da ita. Haulatu ta tare ta a baranda ta tambayi yadda ta baro Inna. Raihana ta yi ta kame-kame, daga baya ta faɗa.

"Tun safe ta shimfiɗa miki tabarma a gefenta, ta hana kowa zama. Da muka shiga ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sa hannu ta naɗe abarta."