Ranar da Na Miƙe Tsaye

Laifina ɗaya ne a duniyar nan, na miƙe tsaye.

Shagon buga takardu gare ni, da injin fotokwafi da kwamfuta da wata tsohuwar fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Daga kan keken guragu nake komai. Nakan sa bidiyon aikina a shafina, don masu irin lalurata su ga ba dole sai a ɗaki mutum zai ƙare ba. Ƙanwata ce ke riƙe wayar.

Rannan takarda ta ƙare a inji. Na dafa tebur, na miƙe, na jawo bandir ɗaya daga kanta, na koma na zauna. Kullum haka nake yi. Ƙafafuna suna ɗaukata na ɗan lokaci, sai su kama rawa. Ban ma lura ya shiga bidiyon ba.

Wani mara aikin yi ya yanko wurin kaɗai, ya zagaye ƙafata da jan layi, ya rubuta, "An kama ta." Kai jama'a! Nan take kowa ya zama likita. Wata har cewa ta yi dama fuskata ba ta yi kama da ta naƙasassu ba. To wace irin fuska ce tamu, don Allah?

Da zagi ne kaɗai da na shanye. Amma keken ba nawa ba ne, aro ne daga ƙungiyarmu ta naƙasassu. Sakataren ya kira ni ofis. Shi ma fa da sanduna yake tafiya.

"Malama, ni na san ba ƙarya kike ba," ya ce, ya ƙi kallona. "Amma masu ba mu kekunan sun gani. Sun ce a karɓe a ba wanda ya fi buƙata."

"Ka gaya musu gaskiya mana! Akwai mai iya tsayuwa amma ba ya iya tafiya."

"Ba za su gane ba. Ki yi wani bidiyon, ki ce riƙe ki aka yi ta gefen da kyamara ba ta nuna ba, ke ba kya iya tsayuwa ko kaɗan. In hawaye ya zo, kar ki hana shi."

"Wato don a daina kirana maƙaryaciya, sai na yi ƙarya?"

Wallahi ji na yi kamar in kifar masa da teburin. Sai dai in babu keken babu shago, ko bakin titi ba zan kai ba.

Da muka koma, ƙanwata ta ɗaga wayar ta sauke. "Yaya, kar ki yi."

"Ke za ki riƙa goya ni zuwa shago? Danna, ni dai."

Na faɗi duk abin da ya ce. Hawayen ma ya zo, na tsabar baƙin ciki, su kuwa suka ɗauka na neman tausayi ne. Ban taɓa sa bidiyon da aka so kamarsa ba. Waɗanda suka zage ni suka dawo suna "Allah sarki, baiwar Allah." Aka bar mini keken.

Likitana kuwa ya daɗe da gargaɗina, in na daina tsayuwa kullum, ɗan ƙarfin da ya rage zai tafi, kuma ba zai dawo ba. A shago yanzu ba dama, kowane kwastoma da waya a hannunsa. Sai a gida, in sa sakata, in sauke labule, kamar mai shirin sata. Ni da ƙafafuna, sai ƙanwata ta leƙa waje ta ce, "Yaya, babu kowa, tashi."